Taibatu Ta Buɗe Wa Iska Hanya

A unguwarsu da ke Maradun, in mace ta haihu, kafin a aika wa wanzami an aika wa Taibatu. Shekara talatin ta yi tana wa mata wankan jego, kuma ba ta taɓa yarda akwai wata cuta da ke kama mai jego in ba sanyi ba. Ciwon kai, sanyi ne. Ciwon baya bayan shekara goma, sanyi ne ya shiga ranar da wata sakarya ta bar ƙofa a buɗe. Maganinsa kuwa kowa ya sani: tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗa shi da ganyen dogon yaro, kunun kanwa cike da kwano, sai kwanciya a kan gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, har kwana arba'in. Mijinta Malam Jibrin, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan ce da zufa tana da kasuwa da tuni matarsa ta gina masa bene.

'Ya'yanta shida, biyar maza, mace ɗaya tak, Bushra. Tana aure a Talata Mafara gidan Abdulrashid, manomin shinkafa a filayen noman rani, mutum mai shiru da yawan kunya. Shekara huɗu da suka wuce Bushra ta yi haihuwar fari a tsakiyar bazara, aka kawo ta gida wanka, Taibatu kuwa ta zage damtse, don wadda ta yi wa 'ya'yan wasu ai tata sai ta fi. A mako na uku ƙafafun yarinyar suka kumbura, tari ya sarƙe ta, ta kasa kwanciya sai a jingine. Taibatu ta duba ta ce sanyi ya samu hanya. Ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Allah ya kawo Abdulrashid gaisuwa ran nan, ya ga matarsa tana jan numfashi da ƙyar, bai tsaya sallama ba ya nemo mota zuwa Gusau. Kwana goma sha tara Bushra ta yi a gadon asibiti kafin ta dawo da ƙafarta.

Abin da likitoci suka faɗa, babu wanda ya kawo shi kunnen Taibatu. Surukin nata dai ya durƙusa ya ce ciwon zuciya ne, Allah ya kiyaye gaba. Ita kuwa ta yi nata binciken, ta kama mai laifi: wata 'yar taga da ke bangon arewa na ɗakin, wadda murfinta bai zauna daidai ba. Shekara huɗu tana hararar tagar nan.

Saboda haka da labari ya zo cewa Bushra na da ciki na biyu, kuma haihuwar za ta sake faɗowa cikin bazara, Taibatu ta ce wannan karon sanyi sai dai ya ji labari. Tun kaka ta soma tara itacen marke har ya kamo tsawon katanga. Ta kira Gidaɗo magini ya toshe tagar da laka. Ta bi duk wata kafa tsakanin bango da kwanon rufi ta ƙara cusa tsumma a kan na da. Ta sayi kanwa ta adana a masaki. Ɗakin ya zama in ka shiga da rana sai ka lalubi hanya, in ka fito sai ka nemi ruwa.

Ana haka Abdulrashid ya zo gaisuwa. Taibatu da alfaharinta ta sa Malam Jibrin ya nuna masa shirin da aka yi. Ya tsaya gaban tsibin itacen ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya saka da alheri, ya hau babur ɗinsa ya tafi ko furar da aka dama masa bai shanye ba. Bayan mako guda saƙo ya zo ta hannun Malam Jibrin: wannan karon Bushra za ta yi jegonta a Bakura, gidan yayar mijinta Hamdiyya, wai don ita malamar asibiti ce.

Maganar ta soki Taibatu inda ba ta zata ba. Tana raye, hannunta da ƙarfi, garin nan kaf ita ake kira, a ɗauki 'yarta ɗaya a kai wa wata? Me za ta ce wa matan unguwa? Ta kira Bushra a waya, abin da ta samu kawai shi ne Inna ki yi haƙuri, sai kukan da yarinyar ke ƙoƙarin haɗiyewa. Kwana biyu tuwo bai wuce mata ba. Rana ta uku da sassafe ta yafa mayafi ta shiga motar Mafara, daga can ta canja ta Bakura, kuma don fushi ko leƙa gidan 'yar tata ba ta yi ba.

Hamdiyya mace ce doguwa mai magana ɗaya, irin waɗanda aikin karɓar haihuwa ya cire wa kwana-kwana. Ta shimfiɗa wa baƙuwarta tabarma a inuwa, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da zafi da mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya. Sai da ruwa ya tsirga wa Taibatu sannan ta ce ba faɗa ta zo yi ba, so take a gaya mata laifin da ta yi.

Hamdiyya ta ce, "Inna, ni ba surukarki ta ba, kunyar da Abdulrashid ke ji ba ta kama ni ba. Wancan karon ba sanyi na yak kama ɗiyarki ba. Zahi na. Wutar da anka hura mata, da ruwan zahi, da kanwar da tash sha, su sunka gajiyar da zuciyarta."

Taibatu ta ce uwarta ta yi, kakarta ta yi, ita kanta sau shida ta hau gadon nan, ga ta zaune garau.

"Kun yi kun tsira, Inna. Wasu ba su tsira ba, anka ce sanyi na."

Taibatu ta buɗe baki za ta amsa, sai wata fuska ta faɗo mata, matar wani mahauci da ta yi wa wanka shekarun baya, wadda ita ma ta kumbura a mako na uku, aka yi jana'izarta kafin arba'in. Ran nan ma cewa ta yi an bar ƙofa a buɗe. Sai kuma ta tuna hannunta yana tura garwashi ƙarƙashin Bushra, yarinyar tana nishi, ita tana ce mata daure. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke zuwa bayan abu ya riga ya wuce, ta ajiye kwanon ruwan da ke hannunta.

Da ta samu kanta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi gardama ba. Ta tambayi abin da yarinyar ke bukata. Hamdiyya ta lissafa mata da yatsu: inuwa, iska mai ratsa ɗaki, wanka da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta zauna a ciki, ba kanwa, gishiri kaɗan, magungunanta a kan lokaci. Taibatu ta ce in ta yi duk wannan za a ba ta 'yarta? Hamdiyya ta ce wannan sai mijin Bushra, kuma kada ta ɓoye mata, tun ranar da ya ga itacen nan bai yi barcin kirki ba, ya ce ko za a tsine masa matarsa ba ta kwana a ɗakin nan.

Ta kamo hanya da wuri, don hanyar Maradun ba a son bin ta bayan la'asar. Ta iso ta zauna a ƙofar ɗakin jegon ta faɗa wa Malam Jibrin komai. Shi da ba a raba shi da tsokana, ran nan ko ɗaya bai yi ba. Ya ce rashin sani ya fi dare duhu, ya tashi ya ɗebo mata ruwan alwala da kansa.

Gari na wayewa maƙwabta suka ji duka a gidan, ba irin na daka ba. Taibatu ce da taɓarya tana rushe gadon ƙasa. Gadon da uwar mijinta ta gina, wanda ita kanta ta yi wa yaɓe ya fi sau ashirin, kafin hantsi ya zama tarin ɓaraguzai da toka. Ta kwashe da kwando ta zuba a bayan gida, sannan ta aika a kira mata Gidaɗo.

Gidaɗo ya zo ya ji aikin, ya cire hula ya sosa kai. Watan jiya aka ce ya toshe taga, yau an ce ya buɗe, ya faɗaɗa ta, ya kuma fasa wata. Ya ce to, sabuwar a bangon gabas za a yi ta, nan ne ya fi sauƙin fasawa. Taibatu ta ce a'a, a kudu, ɗan gefen yamma, daidai ƙirjin mutum in yana zaune a gado. Ya soma kawo mata bayanin magina, ta tare shi ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita da ta yi shekara talatin tana farautar iska a ɗakin nan, wa zai gaya mata ta inda take shigowa? Ta san iskar bazara daga wannan kusurwar take tasowa in rana ta karkata, ta san ta inda take neman fita, ta san kafar da ke busawa da wadda ke shiru. Duk ilmin da ta tara na tsare hanya, shi ta juya ta buɗe hanyar da shi.

Ta hau turmi ta shiga zare tsummokaran da ke ƙarƙashin kwano. Abin ya ba ta mamaki ita kanta: tsofaffin zannuwa, rigunan yaran da yanzu suke da nasu yaran, har da wata hular Malam Jibrin da ya yi shekara bakwai yana zargin wani abokinsa da ita. Ya ɗaga hular ya juya ta, ya ce ashe ɓarawon a gadonsa yake kwana. Taibatu ta yi dariya, karo na farko tun dawowarta daga Bakura.

Itacen marken nan, dogayen ciki aka kafa su dirkoki, aka yi rumfa a bangon yamma inda ranar la'asar ke dukan ɗakin, aka rufa da zana biyu. Sauran ta raba wa mai ƙosai da mai waina. Kanwa ta koma wurin tumakin Malam. Gidaɗo ya hau sama ya shimfiɗa karan dawa a kan kwanon rufi, dami a kan dami, ya ɗaure da igiya ya danne da duwatsu saboda guguwar farkon damina. Murhun girki da ke jingine da bangon ɗakin tun zuwanta gidan, ta ɗauke shi ta mayar can ƙarshen tsakar gida. Ta shafe bangon da farar ƙasa ciki da waje. Ta sa aka kawo mata yashin gulbi a amalanke, ta zuba a kusurwa ta dasa randa a ciki, kullum tana jiƙa yashin. Ta sami buhun algarara ta wanke, in rana ta take sai ta tsoma shi a ruwa ta rataya a sabuwar tagar. Ta sa raga a tagogin saboda sauro, ta shigo da gadon katako da tabarmar kaba.

Matan unguwa kuwa ba su bar ta ta huta ba. Kowacce ta shigo aron wuta ko rariya sai ta leƙa, ta riƙe haɓa. Wata ta ce Taibatu ta zautu, wata ta ce asibiti sun saye ta. Wata tsohuwa ta ce ɗakin mai jego da taga biyu, ai wannan kabari ake haƙa wa yarinya. Taibatu ba ta iya dogon bayani ba, abin da take cewa kawai shi ne ta je ta jiyo, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira. Amma kada a yi mata ƙarya, ita ma in ta zauna a ɗakin iska ta taɓa mata ƙeya, sai gabanta ya faɗi, hannunta ya kai ga murfin taga kafin ta tuna. Abin shekara talatin ba ya fita a mako uku.

Aiki ya ƙare, saura babbar matsala: yadda mai hukunci zai gani. Suruka ba ta aika wa mijin 'yarta ta ce zo ka duba ɗakina. Shi ma ko an kira shi, iyakarsa zaure, ya gaisa kansa a ƙasa ya juya. Haihuwa kuma ta matso, Hamdiyya har ta gyara nata ɗakin a Bakura. Taibatu ta rasa ta inda za ta ɓullo, ta koma rashin cin tuwo.

Malam Jibrin ne ya ce ta bar masa wannan. Ya kira Abdulrashid ya ce yana son shawararsa a kan injin ban ruwa, ya zo su yi azahar tare. Kafin ya iso, Malam ya sa an jibge buhunan gyaɗa a zaure har ba wurin shimfiɗa buzu.

Ranar kuwa rana ta yi abin da ta saba yi a watan Afrilu. Kaji sun buɗe baki a gindin katanga, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Abdulrashid ya iso daga gona a kan babur, rigarsa ta manne a bayansa, idanunsa sun yi ja. Suka yi salla a masallacin unguwa suka dawo. Malam ya dubi zauren ya yi tsaki, ya ce yaran nan ba su da hankali, shigo daga ciki. Kafin surukin ya samu abin cewa an ja shi har cikin ɗakin da ya rantse a kansa, an zaunar da shi a tabarma.

Taibatu ta zo bakin ƙofa ta tsaya daga gefe, suka gaisa, shi a durƙushe yana kallon ƙasa. Ta miƙa ruwan randa ta hannun Malam, ta ce bari ta kawo abinci. Malam ma ya ce bari ya ɗauko takardar injin, ya fice. A madafa ta zuba miya ta zubar, ta sake. Tana ta saƙa abin da zai ce, da abin da za ta ce in ya ƙi.

Da ta dawo da akushi, sai ta ji wani sauti daga ɗakin. Ta tsaya ta kasa kunne. Minshari ne. Ta leƙa ta gefen labule: Abdulrashid, mai kunyar da ko tari ba ya yi a gabanta, ya miƙe a tabarma, hula ta gangara gefe, baki a sake, buhun taga yana kaɗawa a kansa. Malam Jibrin ya iso yana danne dariya, zai yi gyaran murya, ta ɗaga masa hannu. Ta ajiye akushin a hankali ta zauna a ƙarƙashin rumfa, ta ji wani nauyi yana sauka daga ƙirjinta. Ta kori kaji, ta hana kowa daka, ta yi gadin barcin nan har aka kira la'asar.

Kiran sallar ne ya tashe shi. Suka ji ya zabura yana salati yana laluben hula. Ya daɗe bai fito ba, da alama yana neman inda zai sa fuskarsa, ko kuma yana kallon abin da bai kalla ba da shigarsa. Da ya fito ya durƙusa nesa da ita.

"Inna, ina gadon?"

"Na rushe shi."

"Itacen hwa?"

"Ga shi bisa kanka, inuwa yaka yi."

Ya ɗaga ido ya dubi rumfar, ya mayar ƙasa. Sannan ya ce, a hankali, Hamdiyya za ta riƙa zuwa nan duk mako tana duba Bushra, in Inna ta yarda. Taibatu ta ce ta yarda, ko kullum ne. Maganar injin ban ruwa babu wanda ya sake tayar da ita.

Bayan kwana tara Bushra ta sauka lafiya a asibitin Mafara, mace. Washegarin suna aka kawo ta Maradun. Taibatu ta riƙa gwada ruwan wanka da gwiwar hannu tana jin kamar wasa take yi, ta dama kunu ba kanwa tana ɗanɗanawa tana yamutsa fuska. Mako na uku ya zo, wanda take tsoro, ta kasa zama ta kasa tsaye, idonta kullum a ƙafafun Bushra. Ya wuce. Hamdiyya ta zo ta auna ta saurari ƙirji, ta ce alhamdu lillahi, a ci gaba da abin da ake yi.

Ana saura kwana uku arba'in, da rana tsaka, Bushra na kwance tana shayar da jaririya, Taibatu na zaune a bakin gado da mafici. Abin da ta daɗe tana juyawa a ranta ya fito.

"Ke kin san abin da likita yac ce, wancan karon?"

"Na sani, Inna. Tun muna Gusau."

"Mi ya hana ki hwaɗa mani?"

"Ta ina zan soma? Ni na hana maigidana hwaɗi." Bushra ta gyara wa jaririyar kwanciya. "Kuma ni ban so zuwa Bakura ba. Kullum roƙonai nikai ya kawo ni gida."

Taibatu ta ce, da ya yarda fa, ta zo ta tarar da gadon nan da wutarsa?

"Da kin hura, Inna, da na hau."

Ta faɗe shi ne ba tare da wani nauyi ba, idonta a kan 'yarta, har da ɗan hamma. Maficin ya tsaya a hannun Taibatu. Ta dubi inda gadon yake a da, ta dubi ƙafafun Bushra siriri a kan tabarma, ta yi hamdala a ranta har sau uku, hawaye na zubo mata ba ta share ba. Kafin ta samu bakin cewa a yafe mata, barci ya ɗauke Bushra da jaririyarta. Ɗakin ba ya bukatar fifita, amma ta ci gaba da yi musu.